Tafiyar yini guda zuwa tsibirai don nutso: na biya rabin kuɗi, ga mura ga jirgin sama washegari

Abban Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Aiki ne ya kawo ni wani gari a bakin teku, na taho da uwargida, ranar Asabar ba ni da komai sai muka ga masu shirya tafiyar yini ɗaya zuwa wasu tsibirai can cikin ruwa, jirgi zai tashi takwas na safe, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, a tsaya wuri biyu a dawo da yamma. Abu biyu suke yi, akwai iyo a saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi wanda suke ce wa sinokel, akwai kuma nutso na sosai da tulun iska a baya wato sukuba, sun ce ko ba ka da satifiket malamin nutso zai riƙe ka ku sauka tare. Ni na sa sunana a sukuba sau biyu, ɗaya da hantsi ɗaya wajen ƙarfe biyu zuwa uku, ita kuma sinokel. Toh matsalar ita ce ni iyona bai taka kara ya karya ba, ita kam ba ta iya ba sam, sannan tun jiya mura ta kama ni hancina ɗaya a toshe yake, kuma jirginmu na sama Lahadi ne bakwai na safe. Na faɗa wa yaron da ke karɓar kuɗi ya ce ba komai duk ana yi a haka. Na riga na ba da rabin kuɗin. Wanda ya san harkar nan ya taimaka min.

Baba Sule:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka yafe kuɗin nan ka zauna a tudu. Tsakiyar teku babu reshen da za ka kama. Kai ba ka iya ba, matarka ba ta iya ba, me ya yi zafi? Kuna da yara suna jiranku.

Bashir MK:
Haba Baba, a yi haƙuri amma abin bai kai haka ba. Ni na yi shi bara, ko minti goma ba a yi ana mana bayani ba muka faɗa ruwa, kuma daren ranar na hau jirgin sama lafiya lau. Yaya ka je abinka, murar ma ka sha maganin buɗe hanci da safe shikenan. Wlh abin da za ka gani a ƙasan ruwan nan ba ka taɓa ganin irinsa ba.

Injiniya Kabiru:
Bashir ƙanina, Allah ne ya kiyaye ka, amma dan Allah kar ka ƙara ba wani wannan shawarar. Na yi shekara shida ina nutso, ina da katin shaidar nutso na mataki na biyu, kuma abu biyu da ka faɗa su ne daidai abin da ake hana ɗalibi tun ranar farko.

Abban Hanan bari in fara da murar don ita ce babba. Duk mita 10 da ka sauka a ruwan teku matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu gaba ɗaya, wato a mita 10 ya ninka biyu kenan. Duk wani gurbi mai iska a jikinka sai ya matse, kuma na farko da za ka ji shi ne kunne, tun a mita 1 zuwa 2 za ka fara ji kamar ana danna maka yatsa a ciki. Maganinsa ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali, iska ta bi wata 'yar siririyar hanya daga bayan hanci ta shiga kunne, ka ji ya yi ɗas, kuma haka za ka yi ta yi tun kafin ciwon ya zo. Toh mura wannan hanyar take kumburawa ta toshe. Ka hura ba ta wuce ba, kai kuma kana jin kunyar ka tsayar da mutane sai ka daure ka ci gaba da sauka, a nan ne dodon kunne yake fashewa ko jini ya taru a bayansa. Shi kuma maganin buɗe hancin haɗarinsa shi ne ya sake ka kana ƙasa, ka sauka lafiya amma wajen hawowa iskar da ta shiga tana faɗaɗa ta rasa ƙofar fita, kuma hawowa dole ce, tulunka ba zai jira ka ba.

Batun jirgi kuma lissafi ne kawai. Ƙungiyar DAN da ke kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 18 in an yi fiye da ɗaya, da yawanmu ma 24 muke bari. Kai ka fito ƙarfe uku na yamma jirgi bakwai na safe, awa 16 kenan, bai kai ba.

Abban Hanan:
Na gode Injiniya. Amma ban gane alaƙar jirgin sama da nutso ba, ai na riga na fito daga ruwan na kwana ma.

Injiniya Kabiru:
Ka fito daga ruwa amma abin da ruwan ya cusa maka bai gama fita ba. Mutane suna ɗauka oksijin ne zalla a tulun, a'a, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse ta, kashi 21 oksijin, wajen kashi 78 naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin ɗin yana narkewa ya shiga jini da tsoka, in ka hawo a hankali sai ya riƙa fita ta numfashi kaɗan-kaɗan har na awowi. Ka duba kwalbar lemo mai gas, tana rufe ba ka ganin kumfa, ka ɓalle murfin da sauri ta taso. Cikin jirgin sama kuma matsin iska ƙasa yake da na tudu, kamar an ɗora ka kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, toh ka ga an ƙara ɓalle murfin kenan. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓa ciwo ne mai tsanani, in ta tsaya a laka ko ƙwaƙwalwa ana iya shanyewa, kuma maganinta sai an sa mutum a wani ɗaki na ƙarfe an mayar masa da matsin, wanda ba kowane gari ke da shi ba balle tsibiri.

Don in yi adalci, da nutso ɗaya za ka yi da hantsi ka fito sha ɗaya, awa 20 kenan, batun jirgi ya warware. Amma murar tana nan.

Bashir MK:
Toh ni me ya sa ban ji komai ba Yaya Kabiru? Ba musu nake ba, tambaya ce.

Sista Rabi:
Bashir ba kowa yake kamawa ba kuma ba kullum ba, ya danganta da zurfin da ka je, daɗewarka, jikinka, ko ka sha ruwa isasshe. Ƙila naka bai yi zurfi ba. Amma wanda ya tsallaka titi ido rufe ya tsira ba za a ce hanyar tsallakawa kenan ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai maganar yaron nan ce da ya ce ba komai. Abban Hanan sun ba ka takardar tambayoyin lafiya ka cike kuwa? Duk wurin kirki sai sun bayar kafin ka taɓa tulu, ana tambayar asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga, tiyatar kunne ko ta ƙirji, mace kuma ko tana da ciki don mai ciki ba ta sukuba ko kaɗan. Kuma mai sikila ya bar sukuba kwata-kwata, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk suna tayar da ciwon, ga shi ciwon gaɓar sikila da na kumfar naitirojin suna kama da juna, likita ma sai ya rikice. Dan Allah kar wanda ya ɓoye cuta a takardar nan don kar a hana shi shiga.

Abban Hanan:
Gaskiya ba su ba ni wata takarda ba Sista, sun ce a jirgi za a cike.

Maman Iman:
A jirgi, bayan an yi nisa da gaɓa kuɗinka na hannunsu, wa zai ce yana da mura a lokacin? Hmm.

Bari in faɗi abin da ya same ni don ba sukuba kaɗai ke da haɗari ba. Shekara biyu da suka wuce na bi irin wannan tafiyar, sinokel kawai, mun fi mu talatin a jirgi jagora ɗaya ne a ruwa. Na sa rigar da ke hana nutsewa na kifa kai ina bin wasu kifaye masu ratsin rawaya da baƙi, wlh na manta da duniya, ban san ruwan yana ja na ba don a kwance yake lumui babu ko igiyar ruwa. Da na ɗago kai jirgin ya koma ɗan mitsitsi kuma ba kowa kusa da ni. Na juya ina bugun ƙafa ina bugun ƙafa amma dutsen da ke ƙasana bai matsa ba, nan ne tsoro ya shige ni na fara haki ruwa ya shiga bututun na ƙware. Allah ya taimake ni wani ƙaramin kwalekwale na wasu mutane daban ya hango ina ɗaga hannu. Da aka mayar da ni namu jirgin har sun fara ɗaga anka, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ba wanda ya san babu ni, kawuna suka ƙirga da ido suka ce mun cika.

Ban daina zuwa ba fa, na sake yi sau biyu bayan nan kuma na ji daɗi ƙwarai, amma yanzu kafin in biya sai na tambaya ya kuke ƙirga mutane. In ba da suna ake kira ɗaya bayan ɗaya a sa hannu ba, ba na hawa.

Baba Sule:
Kun ji ko. Ga shi daga bakin wadda ta je. Ni dai ban ga abin da mutum zai nema a gidan kifi ba.

Injiniya Kabiru:
Baba tsoronka yana kan hanya kuma ban raina shi ba. Abin da ya sami Maman Iman ya taɓa faruwa da muni a Ostireliya a watan Janairun 1998, wasu ma'aurata 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, jirgi ya tafi ya bar su a cikin teku a wani wurin nutso da ake kira Great Barrier Reef, sai bayan kwana biyu aka lura babu su, kuma ba a same su ba. Bayan nan aka tsaurara dokar ƙirga mutane a can. Amma Baba ka lura, a duka labaran biyu sakacin mutane ne. Harkar nan ta daɗe, tun 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iskar a Faransa, PADI da ke ba da satifiket tun 1966 take, an san abin da ke kashe mutane kuma an san yadda ake kauce masa. Nutson gwaji irin wanda aka yi wa Abban Hanan tayi ƙa'idarsa ba a wuce mita 12, kuma kafin a sauka sai an koya maka a ruwa mara zurfi yadda za ka fitar da ruwa daga gilashi ta hanyar hura iska ta hanci, da yadda za ka nemo abin shaƙa in ya fita daga bakinka. Mai katin farko iyakarsa mita 18, nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce 40. Bayanin minti goma da aka yi wa Bashir ha'inci ne.

Bashir, sun faɗa maka kar ka riƙe numfashi kuwa?

Bashir MK:
Sun ce dai in riƙa numfashi normal. Kuma na tuna da jagoran ya tambaye ni da hannu na ɗaga masa babban yatsa sai na ga ya fara ja na sama, ban gane ba sai daga baya.

Injiniya Kabiru:
Ka gani. A ruwa babban yatsa sama yana nufin mu hau, lafiya lau kuma sai ka haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, in da matsala ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi sannan ka nuna wurin, kunne ko ciki. Riƙe numfashi kuwa shi ne doka ta ɗaya. Balan-balan da ka hura a mita 10 in ka hawo da ita saman ruwa ta ninka biyu, huhunka ma haka, in tsoro ya kama ka ka rufe baki ka yi sama da gudu yana iya yagewa, kuma ba sai daga zurfi ba, mita 1 ko 2 ma sun isa in huhun a cike yake. Shi ya sa ake hawowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma tulun da aka cika har ma'aunin matsinsa ya kai wajen 200 ana so ka fito da saura 50.

Maman Iman:
Abban Hanan game da uwargida, rashin iya iyo ba zai hana ta ba in dai masu jirgin na kirki ne. Ta sa rigar hana nutsewa a ɗaure mata ita tamau, jagora ya ba ta tayar nan mai igiya da ba ta nutsewa ta riƙe yana ja. Ta fara gwada numfashi da bututun tana tsaye a inda ruwa ke iya ƙugu kafin a je mai zurfi, don karon farko jiki ƙin yarda yake yi ka shaƙi iska fuskarka na cikin ruwa. Gilashin in yana yin hazo a shafa masa yawu ta ciki a ɗauraye kaɗan. Maganin amai na jirgi a sha awa ɗaya kafin tashi, in juwa ta zo a kalli can inda ruwa ya haɗu da sama, kar a duƙufa kan waya.

Malama Zainab:
Ana ta maganar lafiyar mutane, ni bari in roƙa wa masu gidan. Murjanin nan da kuke gani kamar dutse mai rassa ba dutse ba ne, halittu ne masu rai ƙanana-ƙanana da suke gina gidan a hankali, wasu irin a shekara guda santimita 1 ko 2 kawai suke ƙaruwa. Mutum ya gaji ya miƙe tsaye a kai don ya gyara gilashi, ya karya aikin shekara ashirin da takalmin iyo. Wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku sun dogara da su, ga ɗumamar ruwa tana sa su fari fat suna mutuwa, an ga haka a duniya a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017, aka sake sanar da wani a 2024. A Tailan sai da aka rufe wani bakin teku mai suna Maya Bay a 2018 saboda yawan jiragen 'yan yawon buɗe ido, ba a buɗe ba sai 2022. Jihar Hawaii ta Amurka ta hana sayar da man kariyar rana mai sinadarin oxybenzone da octinoxate daga 2021. Toh dan Allah kar a taɓa, kar a taka, kar a ciyar da kifi, kar a ɗauko komai a ce tsaraba. Kuma ku duba ko jirgin yana ɗaurewa a igiyar da aka kafa ko anka yake jefawa kan murjanin, wannan kaɗai zai nuna muku irin mutanen.

Rashin taɓawar ma kariyarku ce, akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai kifin da ke kwanciya kamar dutse da dafi a ƙayar bayansa.

Baba Sule:
Su kuma manyan kifayen nan masu cin mutane fa malama?

Malama Zainab:
Baba shak kake nufi. A duk duniya waɗanda yake kashewa ba tare da an tsokane shi ba wajen mutum 5 zuwa 10 ne a shekara, kuma ƙananan da ake gani kusa da murjani gudun mutum suke yi. Injin jirgin da ke wucewa ya fi ba ni tsoro, shi ya sa ake kafa tuta ja mai farin ratsi a karkace don a san akwai mutane a ruwa.

Abban Hanan:
Jama'a na gode Allah ya saka. Na koma wajensu yanzu na tambaye su takardar lafiya, da yadda suke ƙirga mutane, da ko akwai tulun oksijin na agajin gaggawa a jirgi, da mutum nawa malami ɗaya yake riƙewa. Yaron ya ce in daina damun kaina. Rabin kuɗin ma sun ce ba sa mayarwa, na bar musu. Na samu wasu daban a gaba kaɗan, matar da ke wurin tana jin muryata ta ce kai da wannan murar ba za mu sa maka tulu ba ko nawa za ka biya, sinokel kawai kuma kar ka riƙa nutsawa ƙasa. Na yi rajistar mu biyu.

Bashir MK:
Yaya ka yafe min shawarar da na ba ka da farko, wlh ban san haka abin yake ba.

Abban Hanan:
Ba komai ƙanina, ai tambayarka ce ta sa aka yi mana bayanin da yawa.

Abban Hanan:
Salam, mun dawo lafiya alhamdulillah, ga rahoto tunda kun yi min ɗawainiya. Mu goma sha huɗu ne, jagora biyu a ruwa, ɗaya kuma a kan jirgi yana kallo, kuma sau huɗu aka kira sunayenmu Maman Iman, har na riƙa tuna ki. Uwargida minti goma na farko ta ƙi saka fuska, ta riƙe tayar da hannu biyu tana cewa a mayar da ita, jagorar mace ce ta ce mata ba sai kin yi numfashi ba, ki leƙa kawai ki ɗago. Ta leƙa. Ba ta ɗago ba sai da aka taɓa ta.

Ni abin da ban zata ba shi ne ƙara. Na ɗauka ƙasan ruwa shiru ne, ashe wani ƙas-ƙas-ƙas ne ko'ina kamar ana taka busasshen ganye, ga numfashinka kana jinsa a bututu kamar na wani. Wani kifi kore da shuɗi mai baki kamar na aku ya zo dab da ni yana gatsar murjani ina jin ƙarar haƙoransa, ya wuce yana sakin farin yashi ta baya, jagorar ta ce yashin bakin tsibirin da yawansa daga cikin irin kifin nan ya fito. A tsayawa ta biyu kunkurun ruwa ya taso daga ƙasa a hankali yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu, ya fito da kai kusa da mu ya shaƙi iska da wani sauti fuu ya koma, uwargida ta damƙe min hannu har yanzu da shatin farcenta.

Masu sukuba suna can ƙasanmu su uku da malaminsu, kumfarsu tana tasowa manya-manya tana fashewa a ƙirjina, gaskiya raina ya biya sosai. Injiniya kwas ɗin katin farko kwana nawa yake ɗauka, kuma sai na iya iyo sosai?

Injiniya Kabiru:
Masha Allah, na ji daɗi wlh. Yawanci kwana 3 zuwa 4 ne, karatu, sai horo a ruwa mara zurfi, sai nutso 4 a teku. Iyo kuma dole ne, a PADI za ka yi mita 200 ba tsayawa ko mita 300 da gilashi da bututu da takalmin iyo, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri ko salo. Ka fara zuwa koyon iyo tun yanzu, wata biyu zuwa uku in ka dage za ka kai.

Baba Sule:
Alhamdulillahi da kuka dawo lafiya. Ni dai har yanzu ina tudu, amma ka turo hoton kunkurun in gani.

Abban Hanan:
Baba ban ɗauka ba, wayar tana cikin jaka a jirgi. Sista Rabi tambaya ɗaya, bayan ƙafafuna da wuyana duk sun yi ja suna zafi, kuma kunnen hagu kamar da ruwa a ciki.

Sista Rabi:
Rana ce ta ƙone ka, awa nawa kana kife bayanka a sama ruwa yana sanyaya ka ba ka ji ba. Ka sa tsumma mai sanyi, ka sha ruwa da yawa, wani karon ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando na iyo. Kunnen kuma ka karkata kai ka ja leɓatun a hankali ruwan zai fito, kar ka tura auduga ko tsinke. In ya kwana biyu bai saki ba ko ya fara ciwo ko fitar da ruwa ka je a duba maka shi, kuma tunda da mura za ka hau jirgi gobe ka riƙa haɗiyar yawu da hamma lokacin da zai sauka.